Na karanta ilimin ɗan Adam, an kira ni in sasanta kamfanin iyali: in karɓa?

Wata mai bibiyar wannan fili ta rubuto mana cewa: "Na kammala digiri na biyu a ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, bincikena a kan dangantaka da gado ne. Shekara biyu ke nan ina neman aikin koyarwa a jami'a, shiru kake ji. Kwanan nan babban ɗan wani mai kamfani ya same ni. Ya ce mahaifinsu ya tsufa, shi da ƙannensa uku ba sa jituwa a kan wanda zai gaji kujera, yana so in shigo in ba su shawara, kuma shi zai biya ni. Raina yana so, amma ina tsoro. Ban san lissafin kasuwanci ba, mahaifina kuma yana cewa wannan ba sana'a ba ce, shisshigi ne. Shin ana rayuwa da wannan aiki? In karɓa?"

Malama, mun gode da wasiƙarki. Tambayoyinki biyu ne, amsarsu kuma ba ɗaya ba ce. Ana rayuwa da wannan aiki, ƙwarai kuwa. Amma wannan tayin, a yadda aka kawo miki shi, kada ki karɓa sai an gyara shi. Da shi za mu fara, domin shi ne mai gaggawa.

Babban ɗa ne ya kira ki, shi zai biya ki, kuma yana cikin masu neman kujerar. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ko ke ba ki ɗauki abin haka ba, ƙannensa haka za su ɗauka, kuma daga ranar da suka ji cewa yayansu ne ya kawo ki, duk abin da za su faɗa miki sai sun tace shi. Ke kuwa jarinki gaba ɗaya shi ne mutane su saki jiki su faɗa miki abin da ba sa faɗa wa juna. Saboda haka ki koma wurinsa da sharuɗɗa uku. Ki ga mahaifinsu da kanki, ku kaɗai, ki ji daga bakinsa cewa ya yarda a yi wannan aiki. Duk masu hannun jari su sa hannu a takardar ɗaukarki. Ladanki kuma ya fito daga asusun kamfani, ko daga masu kamfanin baki ɗaya, kada ya fito daga aljihun mutum ɗaya. Idan babban ɗan ya ƙi, to ba mai ba da shawara yake nema ba, mai tsaya masa yake nema, kuma wannan aikin lauya ne. Ki yi masa godiya ki janye.

Takardar ɗaukar aikin kada ta wuce shafi biyu, amma ta faɗi abubuwa a fili: cewa iyali da kamfanin kike yi wa aiki, ba wani ɗaya daga cikinsu ba, cewa abin da mutum ya faɗa miki a keɓe ba za ki danganta shi da sunansa ba, cewa ba ke za ki zaɓi magaji ba, tsawon zangon farko, wanda mako shida zuwa goma ya isa, abin da za ki miƙa a ƙarshensa, da yadda kowane ɓangare zai iya dakatar da aikin. Ki yanka lada a kan zango, kada ki yarda a ɗaura ladanki a kan sakamako. Wanda aka ce za a biya shi idan aka sayar da kamfani, ko idan wane ya hau kujera, ya riga ya zama mai ruwa da tsaki.

To, maganar sana'ar. Ba da shawara ga kamfanonin iyali fage ne da ya kafu. A 1978, Renato Tagiuri da John Davis na makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard suka fito da zanen da'irori uku masu shiga juna: iyali, mallaka, da aikin kamfani. A 1986 aka kafa Family Firm Institute a Amurka, ƙungiyar da ke haɗa masu wannan aiki, tana kuma ba da horo da takardar shaida. Galibin waɗanda ke cikin fagen lauyoyi ne, da akantoci, da masu ilimin halayyar ɗan Adam, da malaman kasuwanci. Masu irin karatunki kaɗan ne, kuma wannan giɓi ne da ake ji. Akanta yana ganin alƙaluma, lauya yana ganin takardu, mai ilimin halayya yana ganin mutum ɗaya da abin da ke cin ransa. Ke an horar da ke ki ga tsarin da ba a rubuta ba: wane ne ake ƙirgawa a dangi, wa ke bin wa bashin alheri, wa ke da ikon magana a gaban wa.

Ki riƙe zanen da'irorin nan da kyau, domin da shi za ki fara kowane aiki. Da'ira uku idan suka shiga juna suna ba da gurbi bakwai, kuma kowane mutum yana gurbi ɗaya tak. Ƙanwar da ke da hannun jari amma ba ta aiki a kamfani, burinta a raba riba. Yayan da ke da hannun jari kuma yake gudanarwa, burinsa a mayar da ribar cikin kamfani a sayi sababbin injuna, tunda shi yana da albashi. Manajan da ba ɗan gida ba yana kallon ko akwai gaba a gare shi, ko kuwa kujerun sama duk na 'ya'yan mai gida ne. Idan kika sa iyali suka rubuta sunan kowa a gurbinsa, sau da yawa a nan ne a karon farko suke gane cewa abin da suka daɗe suna kira son zuciya ko baƙin hali, yawancinsa inda mutum yake tsaye ne ya jawo shi. Zafin rigima yana raguwa tun daga nan.

Kayan aikinki na biyu kin riga kin san shi. Masanin Birtaniya W. H. R. Rivers ya fara tattara salsalar mutane a tsibiran mashigin Torres, a arewacin Ostiraliya, a 1898, hanyar da ta zama ginshiƙin fanninku. Masu aikin sasanta iyali suna da tasu taswirar zuri'a, wadda Monica McGoldrick da Randy Gerson suka yayata a 1985: murabba'i namiji, da'ira mace, layuka na nuna aure da rabuwa, da kusanci da gaba. Ki zana tsara uku aƙalla, ki fara daga iyayen wanda ya kafa kamfanin. A gefen kowane suna ki sa shekarar haihuwa, matakin karatu, muƙaminsa a kamfani, da kason hannun jarinsa. Kada ki tsallake matattu, da matan da aka saka, da 'yan uba, da waɗanda suka bar kamfanin cikin fushi. Inda aka yi shiru ko aka yi saurin sauya magana yayin da kike zanen, ki sa alama. Yawanci a nan ƙullin yake.

Ki zana taswirar sau biyu ko uku tare da mutane daban-daban, ki gwada su. Wanda wani ya sa a ciki, wani ya manta da shi, wannan ba mantuwa ba ce. Tambayar "su wane ne iyali?" ba ta da amsa ɗaya a duniya, kuma ke kin fi sauran masu ba da shawara sanin haka. A Japan akwai daɗaɗɗiyar hanyar da ake mayar da suruki ɗa, ya ɗauki sunan gidan, ya gaji kamfani. Osamu Suzuki, wanda ya shafe shekaru da dama yana jagorantar kamfanin motoci na Suzuki, ta wannan hanya ya shiga gidan. A wani gidan kuma ko ƙofar ofis ba a barin suruki ya taka. Aikinki ki gano wace ƙa'ida wannan gidan yake bi, da ko kowa a cikinsa ya yarda da ita.

Sai hira. Mutum goma sha biyu zuwa ashirin sun isa zangon farko, kowanne shi kaɗai, awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, a wurin da shi ya zaɓa. Ki fara da mahaifin, don girmamawa da kuma don a san da izininsa kike tafe. Ki haɗa da uwa ko uwayen 'ya'yan, da matan 'ya'ya da mazajen 'ya'ya, da manyan ma'aikata biyu ko uku da suka daɗe, da akantan kamfanin. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su tsaya a kan masu muƙami. Wadda ba ta da ofis, ba ta da hannun jari, tana iya zama ita ce ke riƙe da gidan. Lokacin da Dhirubhai Ambani, wanda ya kafa kamfanin Reliance a Indiya, ya rasu a 2002 bai bar wasiyya ba, saɓani ya ɓarke tsakanin 'ya'yansa Mukesh da Anil, kuma mahaifiyarsu Kokilaben ce ta shiga tsakani har aka raba harkokin kamfanin a 2005.

Kada ki tambayi mutum, "Wa ya kamata ya gaji kujera?" Wannan tambaya tana sa shi ya ja daga. Ki ce ya ba ki labarin yadda kamfanin ya fara. Ki tambaye shi yaushe ya fara aiki a ciki, wa ya kira shi, me aka yi masa alkawari. Ki tambaye shi wace shawara ce babba da aka yanke a shekara biyu da suka wuce, kuma ta yaya ya ji labarinta. Wannan ta ƙarshen tana tona asirin inda iko yake fiye da kowace taswirar muƙamai. Ki saurari kalmar "sadaukarwa" da 'yan'uwanta. Masanin zamantakewa ɗan Faransa Marcel Mauss ya nuna a 1925 cewa kyauta tana ɗauke da wajibai uku: bayarwa, karɓa, da ramawa. Ɗan da ya bar karatunsa ya dawo ya taimaki mahaifinsa shekara ashirin a kan ƙaramin albashi yana riƙe da wani littafin bashi a zuciyarsa, wanda babu shi a ofishin akanta. Ƙanensa da aka tura karatu waje da kuɗin kamfani shi ma yana da nasa lissafin. Rigimar kujera sau da yawa rigimar waɗannan littattafai biyu ce.

A kan naɗar murya, mu shawararmu ki bar ta. Ki rubuta da hannu, ki tsaftace rubutun a ranar kafin ki kwanta, ki sa lamba a madadin suna, ki ajiye shi a inda ba na kamfani ba. Abin da aka naɗa yana iya fita, kuma idan rigima ta kai kotu ana iya neman takardunki. Ki tambayi lauya matsayin doka a kan haka a ƙasar da kike aiki tun kafin ki yi hira ta farko, kuma kada ki yi wa kowa alkawarin sirrin da doka ba za ta bar ki ki cika ba.

Bayan hira, gani ya kori ji. Ki nemi izinin zama a taron gudanarwa biyu ko uku, ki kuma yi kwana uku zuwa biyar kina zagaya wurin aiki. Ki lura da wanda ke zama a ina, wanda ake kallo kafin a amsa tambaya, wanda ke katse wa magana, da ofishin da ma'aikata ke nufa idan an ƙi musu abu a wani ofishin. Idan mahaifin ya ce ya yi ritaya amma har yanzu shi ke sa hannu a takardun banki, bai yi ritaya ba. Masanin kamfanonin iyali Ivan Lansberg ya rubuta a 1988 cewa jinkirin shirya magaji ba laifin mai kamfani kaɗai ba ne: matarsa, da 'ya'yansa, da tsofaffin manajoji, har da abokan ciniki, kowa yana da dalilinsa na gudun maganar, domin maganar magaji maganar mutuwa ce. Idan kin gane haka, za ki daina ganin tsohon a matsayin mai taurin kai. Mutum ne da ake ce masa ya sauka daga abin da ya ba shi suna, ba a kuma faɗa masa me zai zama gobe ba. Duk shirin da bai tanadar masa wani matsayi mai mutunci ba, kamar shugabancin kwamitin daraktoci ko kula da gidauniyar iyali, zai rushe, ko da ya sa hannu.

Yanzu raunin da kika ambata, na rashin sanin lissafin kasuwanci. Gaskiya ne, kuma ba ƙarami ba ne. Ba sai kin zama akanta ba, amma dole ki iya karanta takardu uku: ta riba da asara, ta kadara da bashi, da ta shige da ficen kuɗi. Ki san bambancin albashi da rabon riba, domin cakuɗa su yana cikin manyan tushen rigima: albashi ladan aiki ne, ana auna shi da abin da kasuwa ke biyan mai irin wannan muƙami, rabon riba kuwa haƙƙin mallaka ne, ana raba shi gwargwadon hannun jari. Gidan da ke biyan 'ya'ya albashi daidai wa daida don a zauna lafiya, ya zalunci mai aiki. Gidan da ke ɓoye rabon riba a cikin albashin masu aiki, ya zalunci wanda ke waje. Ki san mene ne yarjejeniyar masu hannun jari, da sharaɗin saye da sayarwa tsakaninsu, da hanyoyin ƙiyasta darajar kamfani. Kwas na wata uku zuwa shida a lissafin kuɗi ga waɗanda ba akantoci ba zai kai ki inda za ki fahimci abin da ake faɗa a taro. Maganar haraji da dokar gado kuwa, ko kin karanta, kada ki ba da fatawa a kai. Sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma kuskure a nan yana jawo asarar da ba ta gyaruwa. Ki haɗa gwiwa da lauya ɗaya da akanta ɗaya da kika amince da su, ku shiga aikin tare.

Haka nan ki san iyakarki ta ɗaya ɓangaren. Idan kika ci karo da shaye-shaye, ko ciwon damuwa, ko cin zarafi, ko alamar tsufa ya fara taɓa ƙwaƙwalwar mai kamfani, wannan na likita ne. Ki faɗa wa wanda ya dace a keɓe, ki nuna musu inda za su je.

Ranar mayar da bayani ita ce ranar da aka fi yin ɓarna. Kada ki kawo rahoto mai shafi sittin cike da sunayen masana. Shafi biyar zuwa takwas, jigo huɗu ko biyar, cikin kalmomin da su suke amfani da su. Kada ki ɗauko maganar mutum kai tsaye ko da kin cire sunansa, domin 'yan gida ɗaya sun san salon maganar juna. Kafin babban taro, ki zauna da kowane babban mai ruwa da tsaki ki nuna masa jigogin, don kada kowa ya ji abin mamaki a gaban jama'a. Mahaifin musamman, kada ya fara jin abu mai ɗaci a gaban 'ya'yansa. Taron kansa a yi shi a wurin da ba ofis ba, ba kuma gidan ɗaya daga cikinsu ba, na rabin yini, a fara da abin da kowa ya yarda da shi. A irin wannan zama ba a zaɓen magaji. Abin da ake nema shi ne a amince da hanyar zaɓe: wane irin karatu da gogewa ake buƙata, ko sai mutum ya yi wasu shekaru yana aiki a wani kamfani kafin ya shigo, su wa za su tantance, da wa'adin miƙa mulki. Daga nan ake gina sauran: majalisar iyali mai zama sau biyu zuwa huɗu a shekara, rubutacciyar ƙa'idar ɗaukar 'yan gida aiki, da shigo da daraktoci biyu ko uku daga waje waɗanda ba abokan kowa ba ne. Miƙa mulki na gaske yana ɗaukar shekaru, ba watanni ba.

Za ki riƙa jin ana cewa kamfanonin iyali ba sa wuce tsara uku. Tushen maganar binciken John Ward ne na 1987, a kan masana'antu 200 na jihar Illinois ta Amurka, inda ya sami kashi 13 cikin ɗari ne suka kai tsara uku a hannun iyali. Masana'antu ne na jiha ɗaya a zamani ɗaya, kuma kamfanin da iyali suka sayar da riba shi ma ya fita daga lissafin waɗanda suka ɗore. Kada ki tsorata mutane da wannan adadi don ki sami aiki. Kada kuma ki ɗauka cewa nasara a kullum ita ce a zauna tare. Sylvia Yanagisako ta Jami'ar Stanford, wadda ta yi nazarin iyalai masu masana'antar siliki a Como ta Italiya, ta nuna cewa ɓaraka tsakanin 'yan'uwa da rabuwar kamfani wani ɓangare ne na yadda sababbin kamfanoni ke haihuwa. Rabuwar 'yan'uwa biyu na gidan Dassler a Jamus a 1948 ita ta haifar da Puma da Adidas, sai dai gabar ta daɗe har ta raba garinsu biyu. Wani lokaci aikinki shi ne ki taimaka a rabu da dukiya ba tare da an rabu da zumunci ba.

Game da abin da za ki ci, kada ki jingina rayuwarki a kan wannan aiki ɗaya. A wannan fage amana ce ke kawo ciniki, kuma amana tana ɗaukar lokaci. Iyalai ba sa tallata matsalarsu, lauyansu ko akantansu ko ma'aikacin bankinsu suke tambaya wa za su kira. Hanya mafi aminci ita ce ki yi shekara biyu zuwa uku a ƙarƙashin wani gogagge, ko a kamfanin ba da shawara, ko a cibiyar nazarin kasuwancin iyali ta wata jami'a, kina koyarwa ko bincike a gefe. Idan za ki gabatar da kanki, ki bar sunan fanninki a baya. Ki ce kina taimaka wa iyalai masu kamfani su shirya miƙa ragama da tsara yadda za su yanke shawara tare. Wanda ya tambayi ta yaya, sai ki faɗa masa karatunki.

Wannan aikin na farko ma, idan sharuɗɗanki sun cika, ki karɓi zangon bincike kaɗai: taswira, hira, lura, da mayar da bayani. Wannan kin iya shi. Zaman sasanci tsakanin 'yan'uwa huɗu da ransu ya ɓaci kuwa, kada ki jagorance shi ke kaɗai a karon farko. Ki nemi wanda ya taɓa yi ya zauna tare da ke, ku raba lada.

Mahaifinki kuma yana da gaskiyarsa. Shiga tsakanin 'yan'uwa ba tare da kowa ya gayyace ki ba shisshigi ne, kuma su kan shirya su bar ki da kunya. Kada ki yi gardama da shi. Idan takardar nan ta dawo da sa hannun tsohon da na 'ya'yansa huɗu, ki kai masa ya karanta, ki kuma nemi shawararsa a kan yadda za ki fara gaisawa da dattijon a zamanku na farko.